Harkar kallo a Kumasi: amsar tambayar Yaya

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya, da Umma da yara baki ɗaya. Ka tambaye ni ko sana'arka ta tura fina-finai a waya za ta ci a nan Kumasi ta ƙasar Ghana. Ga yadda na ga kasuwar, sai ka auna.

Mutanen nan suna son shiri mai dogon zango fiye da yadda kake zato, kuma tashoshinsu sun san darajar mai kallo. Aikin da 'yan fassara suke yi mana a Kano da fina-finan Indiya, a nan gidan talabijin ne da kansa yake yin sa. Tun 2015 tashar Adom TV ta ɗauko shirin Indiya mai suna Kumkum Bhagya ta juya shi zuwa harshen Twi, ta riƙa sa wa mutane da dare. In kashin ranar ya ƙare, sai ga wasu a zaune a tashar suna muhawara kan wa ya cuci wa, wace ce ta yi haƙuri har ya yi yawa. Gari na wayewa kuma 'yan kasuwar Kejetia su ɗora daga inda aka tsaya. A 2017 har 'yan wasan aka kawo daga Indiya, jama'a suka yi dafifi a Accra don tarbarsu. Matan gidanmu a Aboabo har gobe suna ba da labarin zuwan nan kamar bikin 'yar uwarsu. Wallahi abin yana burge ni, Yaya. An ɗauki mai kallo mutum, an yi masa magana da harshensa, an kawo masa waɗanda yake ƙauna har ƙasarsa.

Kayan kallo ba su da wahala. Dikodar Multi TV sau ɗaya ake saya, a kafa faranti, babu kuɗin wata. DStv da GOtv da StarTimes duk akwai kamar gida, kana zaune za ka biya ta MoMo, wato kuɗin waya, wanda ko mai sayar da koko tana karɓa. Wuta ana ɗaukewa, sun sha wuyarta sosai a 2015, amma ta fi tamu zama. Da wuya ka ji janareto yana ruri don kawai a ga shiri.

Saboda haka kada ka sa rai da masu jin Twi. Ba mai biyan kuɗi a kan abin da yake samu kyauta. Kasuwarka tana zango, wato unguwannin Hausawa. A Aboabo da Asawase da Sabon Zango, haka Nima da Mamobi a Accra, Hausa ake yi, kuma ana bin Daɗin Kowa da Labarina kamar a Fagge. Matasa suna kallo a YouTube, data tana cinye musu kuɗi. Iyaye mata kuwa sai sun jira wani yaro ya tura musu. Muna da zaurukan WhatsApp inda ake kwana ana gardama kan kashin da ya fita, kuma duk lokacin da wani jarumin Kannywood ya zo wasan Sallah, za ka ga an yi anko an cika wuri. Son yana nan, mai tattara mu wuri ɗaya ne muke nema. Da za a samu shago mai kwamfuta da benci, a tura wa mai so, a haska sabon kashi da yamma a zauna a tattauna, ni ce ta farko da zan kai ƙawayena.

Abu biyu ka sani tukuna. Masu gida a nan kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu suke nema a dunƙule. Sannan dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa ga 'yan ƙasa, an kuma sha rufe shagunan 'yan Najeriya a kanta. Ko haɗa gwiwa da ɗan zango mai takardun Ghana ma dokar ba ta yarda da shi ba, sai dai shagon ya zama mallakarsa shi kaɗai. Maigidana ya ce ƙanensa zai iya tsayawa. Ka zo bayan Sallah ka gani da idonka, ka taho da fasfo ɗinka da duk sababbin shirye-shiryen da kake da su. A gaida Umma.