Neman tsohon faifan gem a Tokiyo, da abin da muke zubarwa a Sakkwato

'Yan uwana na Sakkwato, musamman waɗanda muka ƙare kuɗin tararmu a gidajen gem na Mabera da Rijiyar Ɗorowa, wannan labarin naku ne. Tun zuwana Japan ƙanena bai bar ni na huta ba. Kullum saƙonsa ɗaya: "Yaya, tun da kana garin da anka yi gem ɗin ƙwallon nan Winning Eleven, ka samo muna na asali mu gani da idonmu." Ɗan yayata kuma katunan Pokémon yake so, don ya gani a YouTube.

Akihabara ce unguwar wannan harka. Shagunan suna cikin dogayen benaye masu ƙunci, hawa ɗaya na tsofaffin na'urori, na sama da shi na kati, sai ka bi matattakala da ƙyar mutum biyu ke giftawa. Na ga Famicom ta Nintendo, wadda ta fito a 1983, an naɗe ta cikin leda tana ƙyalli. Na ga Mega Drive ta Sega ta 1988, da PlayStation 2 jibge har rufi. Sai dai wanda nake nema, Winning Eleven na PlayStation ta farko, mai sharhin Jon Kabira da muka haddace ihunsa ba tare da mun san ko kalma ɗaya ta Japananci ba, bai samu da sauƙi ba. Inda aka sami faifan babu littafin cikinsa, inda aka sami littafin kwalin ya fashe.

A wani ƙaramin shago can ƙarshen layi na same shi cikakke. Na miƙa kuɗi, yaron shagon bai karɓa ba. Ya sa safar hannu, ya buɗe kwalin, ya ɗaga faifan saitin fitila, ya nuna mini wani ɗan ƙarce da ni da kaina ban gani ba sai da na matso da fuska. Ya juya littafin ya nuna mini kusurwar shafi da ta ɗan lanƙwashe. Daga nan ya nuna takardar farashi, ashe duk waɗannan aibobin an rubuta su a jiki, kuma saboda su ne aka rage kuɗin. Bai tsaya nan ba. Ya saka faifan a na'ura, ya jira har wasan ya tashi, ya miƙo mini hannun gem ya ce in gwada. Duk wannan hidimar a kan kayan da bai kai kuɗin abincin rana ba.

Da na zaɓi Najeriya ya tambaye ni ko daga can nake. Na ce eh. Sai fuskarsa ta washe ya ce, "Babangida!" Tijjani Babangida yake nufi, ɗan Kaduna da ya buga wa Ajax, wanda ke tsere wa kowa ta gefen dama a cikin wasan. Wallahi sai da ƙwalla ta taru mini. Na tuna ɗakin langa-langa cikin zafin Afrilu, janareto na kuka a ƙofa, yara goma a kan benci ɗaya, wanda aka ci ya tashi.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙarcen nan. Ku faɗa mini tsakani da Allah, sau nawa mai kaya a gida ya taɓa nuna muku aibin kayansa kafin ku biya? Mu namu shi ne a goge faifai da gefen riga, a rantse maka cewa sabo ne fil, ka je gida ya maƙale ana tsakiyar wasa, ka dawo a ce ai na'urarka ce. Alhali mu ne muka taso ana karantar da mu cewa ɓoye aibin haja haramun ne, mu ne muka san hadisin wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Yaron nan bai taɓa zama gaban malami ya ji wannan ba, amma shi yake aiki da shi. Ga kuma rashin adana. Mai faifan nan na farko ya riƙe shi shekara ashirin da ɗoriya, har siririyar takardar da ke naɗe da gefen kwalin bai yar ba. Mu ranar da aka sayi kaya ranar kwali ke zama abin hura wuta, na'ura kuma ƙurar hunturu ta cinye ta a ƙarƙashin gado. Kada wani ya ce ba mu iya ba: garin da ya adana rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Bello shekara ɗari biyu, har aka yi musu gidan tarihi na Waziri Junaidu, ya san yadda ake riƙon abu in ya ga darajarsa.

Ɓangaren kati kuwa ya ba ni haushi. Katunan Pokémon sun fara fita a nan ne a 1996, yanzu sun zama kasuwar manya. Idan sabon jeri ya fito, wasu shagunan sai ka shiga ƙuri'a kafin a ba ka damar saye, wasu su ƙayyade maka adadi, wasu su yage ledar kwalin a gabanka don kada ka je ka sayar da tsada. Masu tsadar suna kulle cikin gilashi, an rufe kowanne a roba da makin da PSA, kamfanin da ke tantance lafiyar kati, ya ba shi, daga 1 zuwa 10. Wani Ba'amurke, Logan Paul, ya mallaki katin Pikachu guda ɗaya a kan sama da dala miliyan 5 a 2021, kuma tun daga irin waɗannan labarai kowa ke ganin zai yi arziki da takarda. Akwai ma ƙunshin da shaguna ke haɗawa a rufe, ka biya ba ka san abin da ke ciki ba. Wannan kam ban ga bambancinsa da caca ba, ban kuma taɓa shi ba. Na zaɓar wa ɗan yayata katuna masu araha ɗaya bayan ɗaya, waɗanda na gani da idona.

Kuma babu ciniki. Ba "nawa za ka bari", ba "albarka", ba tambayar iyali, abin da aka rubuta shi za ka biya, a rusuna maka ka fita. Shagon tsit, kowa shi kaɗai da jakarsa. A nan na yi kewar Sabuwar Kasuwa, inda za ka zauna a ba ka ruwa ko ba ka sayi komai ba.

Ƙanena, faifan na Japan ba ya tashi a na'urar Turai sai wadda aka yi wa cif, don haka ka duba taka tun yanzu. Idan kuma na aiko da na'urar nan, wutarsu bolt 100 ce, kada ka kuskura ka jona ta kai tsaye ba tare da taransifoma ba. Kwalin da littafin da 'yar takardar gefen kuma ka ajiye mini su, zan tambaya in na zo sallah.