Motar tsere da ƙaura zuwa ƙasar waje: a ɗora ta a jirgi ko a sayar?

Ɗan'uwa, ga yadda na fahimci tambayarka. Ka samu aiki a ƙasar waje, za ka tashi da iyali nan da 'yan watanni, kuma kana da motar tsere mai kujera biyu wadda ka daɗe kana lallaɓawa. Ka rasa wanne za ka yi: ka ɗora ta a jirgin ruwa ta bi ka, ko ka sayar ka nemi wata idan ka isa. Sai dai ba ka faɗi ƙasar da za ka ba, ba ka kuma faɗi shekarar da aka ƙera motar ba, alhali waɗannan biyun ne ke yanke rabin hukuncin tun kafin a zo kan kuɗi. Don haka bari in ajiye maka hanyoyin biyu gefe da gefe, kai kuma ka auna taka motar a kansu.

A fara da doka, domin a nan ne wanda ya sayar ba shi da wata damuwa, wanda ya tafi da mota kuwa yana iya tarar da ƙofa a kulle. Idan Amurka ce, motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idojin Amurka ba ba ta shiga don zama sai ta cika shekara 25, kuma daga watan da aka ƙera ta ake lissafi. Wannan tsauri ya samo asali ne daga wata doka ta 1988. Akwai hanyar a kai ta wurin kamfanin da aka yi wa rajista ya sauya mata kaya har ta dace, amma ba kowace ƙira aka yarje wa hakan ba, kuma kuɗin aikin kan fi ƙarfin darajar motar. Shi ya sa masu son Nissan Skyline GT-R R34, wadda ta fito a 1999, suka yi ta ƙirga kwanaki har 2024. Bill Gates ma, da duk dukiyarsa, Porsche 959 ɗinsa ta fi shekara goma a hannun kwastam, sai da aka fito da wani tsari a 1999 na motocin da ba kasafai ake samunsu ba, wanda bai yarda a yi tafiyar da ta wuce mil 2,500 a shekara da su ba. Kanada ta fi sassauci, nata shekara 15 ne. Amma idan motarka tun asali don kasuwar Amurka aka yi ta, za ka ga tambarin shaida a jikin ƙofar direba da wani a ƙarƙashin bonet, to wannan duk bai shafe ka ba. Je ka duba yanzu.

Ostareliya tana son ka nemi izinin shigo da mota tun kafin a loda ta, kuma wanda zai kawo ta a matsayin kayansa na ƙaura sai ya nuna ya mallake ta yana hawa aƙalla wata 12. Tun ƙarshen 2003 ƙasar ta haramta asbestos, wani sinadari mai cutar da huhu, gaba ɗaya, kuma tsofaffin motoci kan zo da shi a birki da gasket, sai a riƙe mota a tasha ana gwaji da kuɗin mai ita. Ga kuma binciken ƙasa da irin ciyawa a ƙarƙashin mota, wanda Niyu Zilan ma ba ta wasa da shi. Singafo ba ta yi wa motar da ta wuce shekara uku rajista, in ban da tsarin da ta ware wa motocin tarihi.

Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai su ne suka fi buɗe hannu ga mai ƙaura, kuma a nan ne tafiya da mota take da hujja mai ƙarfi. Idan ka zauna a wajen yankin wata 12 a jere, kuma motar ta yi wata shida a hannunka kana amfani da ita, kana iya shigo da ita ba kuɗin fito ba harajin VAT. Ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin in babu wannan rangwame fiton mota kashi 10 ne cikin ɗari, sannan a ɗora VAT a kan jimillar darajar mota da kuɗin jirgi da fiton kansa: kashi 20 a Birtaniya da Faransa, 19 a Jamus. Amma rangwamen yana da ƙugiya, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Ba za ka sayar da motar ba, ba za ka ba da haya ko aronta ba, har sai wata 12 sun cika. Idan ka saɓa, harajin da aka yafe ya dawo kanka. Ka riƙe wannan, zan dawo gare shi.

Kada kuma ka haɗa yafiyar kwastam da harajin rajista, abu biyu ne daban. A Danmak matakin sama na harajin rajistar mota yana kai kashi 150 cikin ɗari na darajarta. Ƙasashe da dama suna lissafa nasu ne da yawan hayaƙin da inji ke fitarwa, kuma injin motar tsere a nan ba ya da abin kare kai.

Sai gefen sitiyari. Birtaniya, Jafan, Ostareliya, Niyu Zilan, Indiya da Afirka ta Kudu suna tuƙi ta hannun hagu, sitiyarinsu a dama. Amurka, Kanada da ƙasashen babban yankin Turai akasin haka. Wasu ƙasashen suna yi wa mota mai sitiyari a ɗaya gefen rajista, wasu ba sa yi sai da sharaɗi. Ko an yarda, ka tuna motar tsere a ƙasa take, gilashinta ƙanana ne. Ka zo wuce babbar mota a titi mai hannu biyu kana zaune a gefen da ba ka hango abin da ke tahowa, sai ka fitar da rabin motar kafin ka gani. Daɗin irin wannan mota a titi mai lanƙwasa yake, kuma a nan ne zama a gefen da bai dace ba ya fi cutarwa. Ga ƙananan wahalhalu na kullum, kamar na'urar tikitin shiga wurin ajiye motoci da take can gefen da babu kowa. Ranar sayarwa kuma masu saye kaɗan ne, su ma da ragi za su zo. Wanda ya sayi mota a can bai san wannan ba ko kaɗan.

Idan doka ta bari, sai jigila. Hanya biyu ce. Akwai jirgin da ake tuƙa mota a shigar a kuma tuƙo ta a fito, wanda ake kira roro. Shi ya fi araha, amma makullin yana hannun ma'aikatan tasha, ba a barin kaya a ciki, kuma mota mai ƙasa-ƙasa tana iya goga gabanta a kan gangaren shiga. Sai kwantena, mai ƙafa 20 tana ɗaukar mota ɗaya, a ɗaure tayoyin a kulle. Ta fi tsada, amma da ni ne ita zan zaɓa wa motar tsere ba tare da dogon tunani ba. Ko wacce ka bi, za a ce ka rage mai a tanki, yawanci kada ya wuce kwata. Ka ɗauki hoton kowane gefe na motar ranar miƙa ta. Kuma kada ka yi rowar inshorar teku, domin abin da kamfanin jirgi zai biya da kansa idan an yi asara ɗan kaɗan ne. A watan Fabrairun 2022 jirgin Felicity Ace ya kama da wuta kusa da tsibiran Azores da ke Tekun Atlantika, ɗauke da motoci kusan 4,000, ciki har da Porsche da Bentley da Lamborghini, ya nutse ranar 1 ga Maris. Ba kullum hakan ke faruwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne takarda ɗaya ta makara, mota tana tasha, kuɗin ajiya yana hawa kowace rana.

Fitowa daga tasha ma ba shi ne ƙarshe ba. A Birtaniya dole ka sanar da hukumar haraji cikin kwana 14 da isowar motar, kuma idan ba ta kai shekara goma ba, ba ta kuma da shaidar dacewa da ƙa'idojinsu, sai an yi mata gwajin amincewa na musamman kafin a ba ta lamba. A irin wannan gwaji ne ake cewa a sauya fitilun gaba domin haskensu ya karkata ga gefen da ya dace, a sa fitilar hazo ta baya, a gyara launin sigina, a sa agogon gudu mai nuna mil. A motar da ake samu ko'ina wannan aikin yini ɗaya ne. A motar tsere fitila guda tana iya zama sai an yi oda an jira. In kuma ka taɓa sauya salansa ko ka ƙara wa inji ƙarfi, ka shirya mayar da komai yadda kamfani ya yi shi.

Inshora ce take karya gwiwar mutane da yawa. Kai baƙo ne, shekarun da ka yi kana tuƙi ba haɗari ba lallai ne kamfanonin can su lissafa maka su ba. Ka haɗa baƙon direba da mota mai gudu, sannan motar ma shigo da ita aka yi: abu uku ke nan da kowannensu ke ɗaga farashi, wasu kamfanonin ma ba za su karɓe ka ba. Wanda ya sayi motar tsere a can shi ma zai sha biyu daga cikin ukun, don haka sayarwa ba ta kuɓutar da kai gaba ɗaya. Ka nemi takardar shaidar tarihin tuƙinka daga kamfanin inshorarka na yanzu kafin ka tashi, ko wace hanya ka zaɓa.

To, kada in yi wa sayarwa kwalliyar da ba tata ba. Mai sayarwa cikin gaggawa a ƙasa yake sayarwa, musamman in masu saye sun ji ƙamshin tafiya. Duk abin da ka kashe wajen kula da ita, sabon kuloci, tayoyi, fenti, ba mai biyanka. Kuɗin zai ragu wajen canji, kuma mai yiwuwa irin motar ta fi tsada a can. Abin da ya fi duka, motarka ka san ta ciki da waje, ka san wace ƙara ce ba komai ba wace ce ta kai wa makanike. Ta hannu da za ka saya a can kuwa, motar tsere ce da wani ya more, ba ka san yadda ya taka ta ba. Wannan hasara ce ta gaske, na yarda.

Amma ga inda ni nake karkata. Shekarar farko ta ƙaura kuɗi take ci: kuɗin ajiya na haya, kayan gida, makarantar yaro, watannin da albashi bai daidaita ba. Wanda ya sayar yana da kuɗi a hannu a daidai wannan lokacin. Wanda ya tafi da mota ya kashe kuɗin jirgi da na gyara, sannan dukiyarsa tana tsaye a kan taya huɗu, doka ta hana shi mayar da ita kuɗi har wata 12 idan ta rangwamen ƙaura ya shigo. Kuma kujera biyu ce, ku kuwa kun fi biyu, wato ko ta iso sai ka sayi motar iyali. Inshora biyu, haraji biyu, wurin ajiya biyu, a gidan haya da wataƙila ba shi da gareji. Idan ƙasar sanyi ce, ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin yana cin ƙarƙashin mota da tsatsa, mota mai ja da tayoyin baya kuma tana santsi. Masu irinta da yawa rufe ta suke yi har sanyi ya wuce. Ka lissafa kwana nawa za ka hau ta a shekara, ka raba abin da ka kashe da adadin kwanakin, ka ga ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Akwai masu cewa a bar ta a gida a ga yadda zama zai kasance. Dabara ce mai kyau idan kana da wurin ajiya mai rufi da amintaccen mutum, kuma a Birtaniya da Tarayyar Turai kana da wata 12 bayan komawarka da za ka iya shigo da ita cikin rangwamen. Sai dai mota ba ta son zama. Batir ya mutu, tayoyi su kwanta, mai ya lalace a tanki, robobi su bushe. Amintaccen mutumin nan kuma, ka san motar tsere da jan hankali, “zan ɗan ɗumama inji” kan zama yawon gari.

Da za a ce in zaɓa maka, zan ce ka tafi da ita ne kawai idan abu uku sun haɗu: dokar ƙasar ta yarda ba tare da babban sauyi ba, sitiyarin ya dace da titinsu, kuma motar irin wadda ba za ka samu kamarta a can ba ce, ko don tsufa da ƙarancinta, ko don gado ce da kuɗi ba ya maye gurbinta. Idan kuwa irin su Mazda MX-5 ce, ko Toyota 86, ko Porsche Boxster, waɗanda ake sayarwa a kasuwanni da yawa, sayar da ita tun yanzu da kake da lokacin jiran mai saye na kirki, ka sayi 'yar'uwarta a can bayan ka zauna da gindinka.

Ka faɗa min ƙasar, da wata da shekarar da aka ƙera motar, da gefen da sitiyarinta yake, da kasuwar da aka yi ta dominta, sai mu bi naka lissafin ɗaya bayan ɗaya.