Riyal 650 ya ci mini a kan kulocin babur, 'yan uwa na Makka ku kula

Jama'a, musamman masu babur da ke kai saƙo tsakanin Shari'u Mansur da Misfala da Aziziyya, akwai wani da ke yawo a gurufanmu na WhatsApp wai shi ke kawo farantan kuloci na asali daga Jidda. Ƙarya yake. Riyal 650 ya ci mini. Ɗari shida da hamsin, kuɗin da na ware zan aika gida. Ba zan kama sunansa a nan ba tukuna saboda manya sun shiga maganar, amma hirarmu da muryoyinsa da rasit ɗin turin kuɗi duk suna wayata, zan saka su.

Kada wani ya zo yana ce mini ai kai ma da ganganci. Ba jiya na fara hawan mashin ba. Honda CG125 ce tsohuwa, na san kukanta. Ta fara yi mini abin nan da kowa ya sani: ka sa giya ta ƙarshe ka murɗa totur, inji ya hau kururuwa amma gudu bai ƙaru ba. A shimfiɗaɗɗen titi da sauƙi. To Makka duk hawa ce, ga kulolin abinci a baya, sai in ji tana ja da ƙyar har da ɗan ƙauri. Na san kuloci ne ke zamewa tun kafin in haɗu da mutumin.

Abin da ke ci mini rai ke nan, mutumin ya san aikin. A ƙofar masallaci bayan Isha'i ya tsuguna ya taɓa hannun kulocin, ya ce, “Yaya, kebur ɗinka ya yi tsauri, ya kamata ya yi ɗan wasa kamar milimita 10 zuwa 20 kafin ya kama.” Gaskiya ne. Ya tambaye ni wane baƙin mai nake zubawa, ya ce man mota bai dace ba domin kulocin babur a cikin mai yake wanka, sai mai tambarin JASO MA, wato alamar man da ya dace da irin wannan kulocin. Wannan ma gaskiya ne. Wa zai ji haka ya ce ɓarawo ne? Ya dafa kafaɗata ya ce, “Yaya, ni da kai baƙi ne a ƙasar mutane, a garin Allah zan cuce ka?” A garin Allah. Har yanzu ina jin muryar nan. Ya dafa ni fa, yana riƙe da carbi.

Riyal 200 ɗin ƙarshe ne suka fi ƙona mini rai. A'a, bari in koma baya. Da farko 450 na tura, kuɗin faranti da sifirin da gaskit da aikin hannu. Ya turo hoton kwali mai rubutun Honda. Kwalin da ban taɓa riƙewa da hannuna ba, sai a hoto. Ya kwana da mashin ɗin, ya dawo da ita, kuma wallahi ta yi ja. Sai da ta fara zamewa kuma a hawan Kudai na kira shi, ya ce ai kwandon kulocin ne ya ci, in ƙara 200. Tun a ranar farko ma na ce ya kawo mini tsofaffin farantan da ya cire, ya ce yaron shago ya share su. Na tura 200 ɗin. 450 da 200. Daga nan waya a kashe, hotonsa ya ɓace a WhatsApp.

Wani dattijon bakanike ɗan Damagaram ne ya kwance ta a gabana. Ya zazzage mai, ya buɗe murfi, ya zaro farantan ya miƙo mini. “Ɗana, duba da kanka.” Nawa ne. Tsofaffina! An goge su da samfefa don ƙyallin ya tafi, an cusa washa a ƙarƙashin sifirin don su ƙara matsewa, an sassauta kebur. Sabon faranti kaurinsa wajen milimita 3 ne, waɗannan kuwa sun suɗe, farantan ƙarfen da ke tsakaninsu har sun yi shuɗi don zafi. Gaskit ma tsohon ne ya shafe da gam. Kwandon da na biya wa 200 lafiyarsa lau. Baba ya jiƙa sababbin faranti a mai kafin ya ɗaura, ya sa sifirin sababbi, abin da ya karɓa duka bai kai 450 ɗin farko ba.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Da na yi magana a guruf wasu suka biyo ni ta bayan fage, hoton kwalin nan dai shi ya tura musu, har yagewar da ke gefensa. Kunya ce ta sa suka yi shiru. Ni ba zan yi ba, 650 ba a ƙasa na tsince su ba.

In kulocinka na zamewa, fara duba kebur da mai. In za a kwance, tsaya a kai, kuma a ba ka tsofaffin kayanka a hannu. Kada ka tura ko riyal ɗaya a kan hoto. Muryoyinsa da rasit zan saka su yau da daddare in na tashi aiki, wanda ya san inda yake kwana yanzu ya yi mini magana ta gefe.