PHPStan: na gwada shi a kan sit ɗin wata lekol, ga abin da na gani

Jama'a masu rubuta PHP, musamman irinmu na nan Damagaram da kowa ke aiki shi kaɗai babu mai duba masa kod kafin ya ɗora a kan sarba, wannan PHPStan ɗin ku ba shi wuri a ordinatarku. Ba talla nake ba, abin ma kyauta ne, kuma akwai inda ya ba ni haushi, zan faɗa.

Ga wanda bai taɓa jin sa ba, wani ɗan ƙasar Cek ne mai suna Ondřej Mirtes ya rubuta shi tun 2016. Aikin PHPStan shi ne ya karanta kod ɗinka layi-layi ba tare da ya kunna shi ba, ya bi kowane bariyabul ya ga daga ina ya fito, mene ne a cikinsa, lamba ce ko rubutu ko ba komai, sai ya ce maka ga inda abu zai fashe. Dabarar ma tsohuwa ce, tun 1978 Stephen Johnson ya yi irin wannan manhajar mai suna lint a Bell Labs saboda yaren C, masu JavaScript kuma suna da ESLint tun 2013, mu 'yan PHP ne dai muka daɗe muna aiki da var_dump, mai zubo abin da ke cikin bariyabul a kan allo, da addu'a.

Abin da na gwada shi a kai, sit ne na wata lekol mai zaman kanta, rajistar yara da kuɗin makaranta da bilten na ƙarshen zango duk a ciki. Wanda ya fara rubuta shi ya bar gari, aka miƙo mini. Babu gwaji ko ɗaya, babu Laravel, wato shiryayyen tsarin gina sit da PHP, babu komai, fayil-fayil ne kawai kowanne yana include ɗin ɗan uwansa, sunayen bariyabul rabi Faransanci rabi Turanci. Kuma yana aiki fa, shekaru ana amfani da shi, sai dai duk inda ka taɓa sai wani wuri can daban ya lalace.

Saka PHPStan ba wuya in kana da Composer, mai sauko da kayan aikin PHP, composer require --dev phpstan/phpstan, shi ke nan. Sigar 2.0 da ta fito a watan Nuwamba 2024 tana son PHP 7.4 zuwa sama. Abin da ya fi burge ni tun farko, da zarar ya sauka ba ruwansa da intanet, ko forfe ya ƙare ko rezo ya gudu aikinka na tafiya, in an ɗauke wuta ma batirin ordinata ya ishe ka ka yi zagaye da dama. Kafin shi na ɗan taɓa SonarQube, wani mai duba kod irinsa, yana da kyaun gani wallahi, shafi guda da maki daga A zuwa E, amma sarba ce sukutum mai tafiya da Java da Elasticsearch a ciki, tsohuwar ordinatata ga zafin watan Afrilu fanka sai kuka take. Wanda ke da inji mai ƙarfi ko kamfani mai ma'aikata da yawa ya je can. PHPStan a taminal kawai yake, kuma yana ajiye sakamakon baya, karo na biyu fayilolin da ka canza da waɗanda suka dogara da su kaɗai yake sake bi. Abu ɗaya, in ya tsaya yana kukan memwar, ƙara masa --memory-limit=1G don 128M da PHP ke zuwa da shi ba ya isa.

To yanzu matakai, nan ne duk maganar take. Yana da mataki daga 0 har 10, na goman ma sai a 2.0 aka ƙara shi. Don Allah kar zuciya ta ɗebe ka ka fara da na sama, zai zubo maka jan rubutu ɗaruruwa ka rufe ordinatar ka tafi shan shayi ba za ka sake buɗe shi ba. A 0 yana neman abin da babu shi kwata-kwata, fonksiyon da aka kira ba a rubuta ta ba, ko aka ba ta abu biyu alhali uku take so. A nan ya tono mini wani $montnat a madadin $montant cikin shafin buga rasit na wanda ya biya rabi, shafin da ba kullum ake shiga ba, shi ya sa ba wanda ya lura rasit ɗin na fita wurin kuɗin fayau. A mataki na 1 sai ya fara cewa wannan bariyabul ɗin mai yiwuwa ba a ba shi komai ba, irin wanda aka saka cikin if kawai sannan aka yi amfani da shi a ƙasa. Mataki na 4 yana nuna mataccen kod, layukan da har abada ba za a kai gare su ba, na share da yawa raina fes. Na 5 yana duba ko abin da ka tura wa fonksiyon irin wanda take jira ne.

Amma wanda na fi jin daɗinsa na 8 ne, maganar null, wato ba komai. Akwai fonksiyon da ke nemo ɗalibi da lambarsa, in ta samu ta dawo da shi, in ba ta samu ba ta dawo da null, to wurare da dama an ɗauki abin da ta dawo da shi an kira getNom() kai tsaye ba tambaya. Muddin yaron na cikin rajista lafiya lau. Ranar da aka cire wani yaro ya koma wata makarantar amma tsohon biyansa na nan cikin tebur, shafin lissafin wata gaba ɗaya sai ya zama fari fat, sakatare ya kira ka kana tsakiyar cin tuwo yana cewa malam abin nan ya mutu. PHPStan ya jero mini irin wuraren nan duka da lambar layinsu, ban jira sai kowanne ya fashe a gaban mai lekol ba.

Sai kuma wani da ya ba ni dariya a mataki na 9. Ya ƙi yarda da (int), mai mai da abu lamba, da aka manna wa abin da ya fito daga $_POST, wato abin da mutum ya cike a shafi ya turo, wai bai san mene ne a ciki ba. Da farko na ce wannan ai neman magana ne, da na tsaya na duba sai na tuna yadda mutanenmu ke rubuta kuɗi irin na Faransanci, 15 000 da fili a tsakiya. PHP in ka ce ya mai da wannan lamba, yana kaiwa filin nan yake tsayawa, jika goma sha biyar ta koma dala uku. Shi PHPStan bai san sefa ba bai san jika ba, ƙofar kawai ya nuna ya ce ba a tsare ta ba, ni na leƙa na ga abin da ke shigowa.

Inda ya gajiyar da ni kuwa, tsohon kod mai include. $conn ɗin da aka buɗe a config.php, wato bariyabul mai haɗa sit da ma'ajiyar bayanai, duk fayil ɗin da ya yi amfani da shi sai ya ce mai yiwuwa babu shi, don ba ya bin include ya ɗauko bariyabul. Dole ka bi kana saka masa @var a saman fayil, ko ka gyara tsarin gaba ɗaya. Fonksiyon ɗin da ba sa cikin autoload su ma sai ka nuna masa inda suke a phpstan.neon da scanFiles ko scanDirectories. Mataki na 6 kuma surutu ne zalla a kan tsohon aiki, duk inda ba a rubuta nau'in abu ba sai ya yi magana, gaskiyarsa ce amma yawan ya yi yawa. Sannan saƙonninsa duk Turanci ne, mu da muka yi karatu da Faransanci wani sai ka karanta sau biyu, ƙanena da ke koyo a wurina kwafa yake yana kaiwa wurin fassara.

Maganin yawan surutun shi ne --generate-baseline. Kamar littafin bashin mai kanti ne, tsohon bashi an rubuta an ajiye gefe za a biya a hankali, sabo kuwa babu. Yana kwashe duk kurakuran yau ya zuba a phpstan-baseline.neon, daga nan abin da ka ɓata sabo kaɗai zai nuna maka. In ka gyara ɗaya daga cikin tsofaffin ma yana gaya maka cewa wannan ba ya nan kuma, ka cire shi daga jerin. Da wannan na iya tsayawa a mataki na 8 ba tare da na bar aikin da ake biyana ba.

Kar dai wani ya ga koren OK ya ɗauka sit ɗinsa ya tsira. A lissafin mwayen na wani aji an sa wa wani darasi koefisiyan da ba nasa ba, lamba ce aka ninka da lamba, a wurin PHPStan komai daidai, wani mushe mai koyarwa a lekol ɗin ne ya kama shi da biro da takarda. Haka maganar tsaro, wurin da aka ɗauki abin da mutum ya rubuta aka liƙa shi kai tsaye cikin SQL, umarnin da ake tura wa ma'ajiyar bayanai, bai ce uffan ba, ba aikinsa ba ne. Wannan sai Psalm, wani mai duba kod na PHP wanda aka fara a kamfanin Vimeo, yana da --taint-analysis mai bin sawun abin da ya shigo daga waje har inda ya faɗa, ko kuma ka zauna da kanka ka mai da su duka prepare na PDO, ni hakan na yi. JavaScript ɗin shafukan ma ba ya kallonsa, ESLint ne nasu.

Masu Laravel ku haɗa da Larastan, ƙarin da ke koya wa PHPStan Laravel, tun ranar farko, in ba haka ba zai yi ta ƙorafi a kan Eloquent, ɓangaren Laravel mai magana da ma'ajiyar bayanai, don bai gane dabarun cikinsa ba. Akwai kuma PHPStan Pro na kuɗi mai nuna kurakuran a burawza, ni dai na kyautan ya ishe ni.