Yaya, a nan manomi ne ke sayar da wuta

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kowa lafiya a Gangare, a gaishe min da Inna da yara.

Ka tambaye ni ko gaskiya ne wutar lantarki kyauta ce a Jamus. Ina! Tana cikin mafi tsada a Turai, duk wata sai na ji a jikina. Abin da ya ɗaure min kai shi ne inda kuɗin ke zuwa.

Gonar shanun da nake aiki tana kusa da Husum, can arewa gab da iyakar Denmak, inda iska ke kaɗawa kamar hunturun Jos amma ba hutu. Rufin garken duk farantan sola ne. Kashin shanu kuwa ba a zubarwa, ana tara shi a wani katon rumbu mai murfi, ya ruɓe ya ba da gas, gas ɗin ya juya injin da ke ba da wuta. A shekarar 2000 suka yi dokar da ta ce duk wanda ya samar da irin wannan wuta dole a saya daga hannunsa, a kan farashi tsayayye har shekara 20. Da wannan tabbacin manomi ke zuwa banki a ba shi rance. Manyan fankokin iska da ke bayan gari ma na mutanen ƙauyen ne, karo-karo suka yi kamar adashi, ana raba riba duk shekara. Mai gyaran wuta da mai walda na ƙauyen ba sa rasa aiki.

Kada ka ce na ruɗe. Tun da aka fara noma masara don cika rumbunan gas, hayar gona ta hau, ƙananan masu shanu suna kuka sosai. Wasu kuma ƙarar fankokin ce ke hana su barci.

Duk da haka, da na ga tankin sanyaya madara yana aiki dare da rana, kasuwar Farin Gada ta Jos na tuna. Kwandunan tumatir da kabeji suna lalacewa kafin motar Legas ta yi lodi, manomin Bokkos yana rabuwa da dankalinsa a wulaƙance don ba shi da wurin ajiya. Alhali mu ne muka san wutar ruwa tun 1929, lokacin da aka kafa kamfanin wuta na NESCO saboda haƙar kuza, wutar Kurra Falls ta haska ƙauyukan Filato. Hasken ranar da muke da shi kuwa, Bajamushe ko a mafarki bai samu ba. A nan watan Disamba kafin ƙarfe huɗu da rabi duhu ya yi.

Don haka kuɗin da zan turo, don Allah kada a sake sayen janareto, ka ga yadda fetur ya koma tun 2023. Ka je Dilimi ka tambayo min farashin faranti, batir da inbata da za su ɗauki firiza biyu. Ka kuma tuntuɓi abokan sana'arka ko mutum biyar za su yarda a haɗa hannu.