Windows ko Linux Mint a tsohuwar kwamfuta? Ga abin da na gani da idona

Ƙanena, ka ɗora wa kwamfutarka Linux Mint, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, nau'insa mara nauyi da ake kira Xfce. Wannan HP mai RAM 4GB da ka gada a hannun wanka ba za ta ji daɗin Windows na yanzu ba, kai ma ba za ka ji daɗinta ba. Tunda ka tambaya tsakanin biyun wanne ya fi maka, ga amsata, amma bari in gaya maka yadda aka yi na kai nan.

Tawa ThinkPad T430 ce, ƙirar 2012, gwanjo na saye ta a wani shago a nan cikin Bauchi. Mai shagon ya ce ya cika min ita da komai: Windows, Office, CorelDRAW, har da wasanni. Na yi ta murna, ban san duk na sata ba ne, fasassun manhajoji da aka cire musu makulli. Ko wata biyu ba a yi ba, duk filash ɗin da na soka mata sai fayilolin ciki su ɓace. Ana saura mako ɗaya jarrabawa na rasa tambayoyin 'yan aji biyar da na kwana uku ina bugawa. Na koma wurinsa, ya goge ta, ya karɓi kuɗin aiki, ya sake ɗora min daga filash ɗin nan nasa da ya sa mata cutar tun farko. Laifin ba na masu Windows ba ne, nasa ne, kuma har yau abin yana min ciwo.

Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a jami'ar ATBU, can Yelwa, shi ya zo gida da filash bayan la'asar. Bai goge komai ba. Ya kunna kwamfutar daga filash ɗin kai tsaye, Mint ya buɗe, ya ce, "Malam, taɓa ka ji." Na gwada sauti, na gwada Wi-Fi, na buɗe takarduna, duk suna aiki. Kafin a kira magariba mun kwashe fayilolina mun ɗora shi gaba ɗaya. Tun ranar ban sake kai ta wurin mai gyara don manhaja ba. Fankarta da a da take gurnani kamar injin markaɗe ta yi shiru, kuma idan aka ɗauke wuta nakan samu in ƙarasa abin da nake bugawa.

Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne Mint kyauta ne, kuma kyautar nan ta halal ce. Masu ita da kansu suka ce a ɗauka, a kwafa, a ba maƙwabci, wanda ya iya ma ya buɗe cikinta ya gyara, irinta ake kira buɗaɗɗiyar manhaja. Richard Stallman ya fara wannan tafiya ta manhaja mai 'yanci a Amurka a 1983, Linus Torvalds ya fito da Linux a 1991 yana ɗalibi a Finland, shi kuma Mint ya zo a 2006, an gina shi a kan Ubuntu, wani nau'in Linux. Ni malami ne, ina tsayawa gaban yara in ce kada su ci haƙƙin wani. Da na gane kayan aikina na sata ne, hankalina bai kwanta ba sai da na rabu da su.

Ta fuskar aiki, da ka gama ɗorawa za ka tarar da LibreOffice, madadin Office, da Firefox na shiga intanet a ciki. VLC na kallon bidiyo da GIMP na gyaran hoto kuwa ka ɗauko su a rumbun manhajojinsa, ba ko sisi. Akwai allon rubutun Hausa a jerin harsunansa, da shi nake buga ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba. LibreOffice yana buɗe takardun Word yana kuma adana su a docx, sai dai wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce idan aka buɗe a wata kwamfutar. Maganinsa mai sauƙi ne: kafin ka kai aikinka shagon bugawa, mayar da shi PDF. Sannan Mint ba ya sabunta kansa sai ka ba shi izini, don haka kai ke zaɓar ranar da kake da data. Jerin Mint 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029.

Windows fa? Yana aiki, ban hana shi ba. In CorelDRAW ne abincinka, ko kana son sababbin wasannin ƙwallo na EA ko Fortnite, sai shi, domin waɗannan ba sa tafiya a Linux. Amma an daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, in ban da ƙarin wa'adin da aka ba waɗanda suka yi rajista, kuma Windows 11 yana neman wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da furosesan Intel, wato ƙwaƙwalwar na'urar, zubi na 8 zuwa sama. Taka ba ta kai nan ba.

Batun wasa, zan gaya maka gaskiya don kada ka zo ka ce na yaudare ka. Kwamfuta mai RAM 4GB da ba ta da katin hoto na daban ba za ta ɗauki manyan wasanni ba, ko me ka ɗora mata. Amma akwai na kyauta masu kyau da za ta ɗauka. Yarana SuperTuxKart suke yi, tseren motoci ne, biyu suna iya fafatawa a allo ɗaya, kuma ranar Asabar sai na raba rigima kan wa zai fara. Ni Battle for Wesnoth nake so, wasan dabarun yaƙi ne mai bukatar tunani, ba ya cin ƙarfin na'ura. Akwai Luanti, wanda a da ake kira Minetest, na gine-gine. Akwai 0 A.D. na daulolin da, shi yana ɗan nauyi, ka rage masa ingancin hoto. PPSSPP ɗin nan da samari ke buga ƙwallo da shi a waya, shi ma buɗaɗɗiyar manhaja ce, yana nan a Linux, sai dai wasannin da ake zuba masa suna da masu su. In Allah Ya hore maka babbar na'ura nan gaba, Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, yana aiki a Mint, kuma tun 2018 kamfanin Valve ya fito da Proton, wanda ke sa dubban wasannin Windows tafiya a Linux. Na'urarsu ta Steam Deck ma a kan Linux take.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma zan faɗa, don na ga ka ce ƙila ka sayar da ita ka ƙara kuɗi. Ka yi hattara da masu shago. Wani zai nuna maka Windows 11 a kan tsohuwar na'ura ya ce ai sabuwa ce, alhali cusa shi ya yi ta ɓarauniyar hanya. Kada sitikar Core i5 ko i7 ta ruɗe ka, duba lambar da ke biye. Tawa i5-3320M ce, 3 ɗin farko na nufin zubi na 3. Irin su i5-8250U su ne zubi na 8. Ka buɗe bayanan na'urar ka ga RAM da idonka, ka sa a cire caja ka zauna ka ga yadda batir ke sauka. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin lasisin Linux Mint, ka tashi ka bar masa shagonsa. Kuɗin aikin ɗorawa daban, wannan haƙƙinsa ne, amma manhajar kanta ba a sayar da ita. Haka wanda zai cika maka wasannin sata ya ce ka kashe rigakafin kwamfutar kafin su yi aiki, shi ne hanyar da cutar ke bi ta shigo.

Ka sauke Mint daga shafinsu na ainihi kawai, kusan 3GB ne, ka bari sai dare in kana da datar dare. Ka nemi filash na 8GB, ka zuba Mint ciki da Rufus, manhajar da ke shirya filash don kunna kwamfuta daga gare shi. Ka fara gwadawa daga filash ɗin kafin ka goge komai, musamman Wi-Fi, don wasu HP sukan bukaci a sauke musu direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa Wi-Fi ɗin aiki. In haka ta faru, jona wayarka da igiyar caja ka ba ta intanet, ka buɗe Driver Manager. Hotunanka da takardunka kuma ka kwashe su waje ɗaya tukuna. In datar ce matsala, ina da shi a filash, ka zo da kwamfutar ranar Asabar bayan la'asar mu ɗora tare.