Nairobi ko Manila: ina ya fi dacewa da mai wata shida a hannu?

Wata 'yar'uwa a zumuntar matasa ta yi tambaya. Ta gama bautar ƙasa, tana da wata shida kafin ta kama aiki, kuma ƙungiyoyin Kirista biyu masu hidimar yara sun amsa mata: ɗaya a Mathare da Kibera, unguwannin talakawa cikin Nairobi ta ƙasar Kenya, ɗaya a Tondo, unguwar talakawa cikin Manila ta ƙasar Filifins. Wacce za ta bi?

'Yar'uwa, in wata shida ne, Nairobi. Manila ta mai shekara guda ce zuwa sama, kuma harshe ne babban dalili.

A Nairobi yara suna jin Turanci tun a firamare, amma a lungu Kiswahili suke yi, gauraye da yaren matasa da ake kira Sheng. Bahaushiya tana da sa'a a nan, domin Kiswahili ya ari kalmomin Larabci irin waɗanda Hausa ta ara: habari labari ne, sabuni sabulu, hatari haɗari, kalamu alƙalami, ishirini ashirin, Alhamisi kuwa ba sai an fassara ba. Cikin wata biyu za ki iya jan waƙa ki bi da ajin makarantar Lahadi. Tarko ɗaya ne sai kin kiyaye, wato lissafin lokaci. Masu Kiswahili suna fara ƙirga sa'a daga fitowar rana, don haka "saa mbili asubuhi" ƙarfe takwas ne na safe. Baƙi da yawa sun sha zuwa taro a lokacin da ba shi ba saboda wannan. A Tondo kuwa, yaran da kika je dominsu, musamman waɗanda suka bar makaranta, Tagalog suke ji. Ba shi da dangantaka da komai da kika sani, kuma kalmar aikatau a cikinsa tana canza siffa gwargwadon abin da ake magana a kai. Wata shida zai ƙare kina jingine da tafinta. Za ki koyi "po" da "opo" na girmama manya, yara su riƙa kiranki "ate", wato yaya, sai ga ranar tafiya ta zo.

Takardu. Shiga ƙasa a matsayin baƙuwa ba izinin aiki ba ne, ko da ba a biyanki ko sisi. A Kenya ɗan gajeren zama yana buƙatar Special Pass, wanda ba ya wuce wata shida, mai daɗewa kuma izini ne na rukunin Class I na ayyukan addini da jinƙai. Ƙungiyar ce ke nema miki. Ƙa'idar shiga ta canza a Janairun 2024 da aka kawo eTA, wato izinin shiga da ake nema ta intanet, an kuma sake sassauta ta ga 'yan Afirka a 2025, saboda haka ki duba shafin hukumar shige da ficensu kafin ki sayi tikiti. Filifins tana neman biza daga mai fasfon Najeriya tun daga ofishin jakadancinta a Abuja, bizar 'yan mishan kuma, 9(g), ƙungiyar da ta gayyace ki ce ke shigar da ita, kuma tana ɗaukar watanni. Duk ƙungiyar da ta ce miki "shigo kawai a matsayin mai yawon buɗe ido, kowa haka yake yi", ki sani ke za a tsare a filin jirgi, ba su ba. Ƙasashen biyu suna tambayar katin allurar shawara, kuma sai an kwana 10 da yin allurar take aiki. Ki haɗa da takardar shaidar hali daga 'yan sanda da wasiƙar fastonki. Ƙungiyar da ba ta nemi waɗannan biyun ba kafin ta sa ki cikin yara, ki ja baya da ita.

Hanya: daga Legas akwai jirgi kai tsaye zuwa Nairobi, kimanin awa biyar. Manila sai an sauka a wani gari kamar Doha ko Dubai, kwana guda a hanya, kuɗin kuma ya fi yawa.

Yanayi yakan ba mutane mamaki. Nairobi tana kan tudu, kusan mita 1,800, ta fi Jos tsayi, kuma a Yuni da Yuli sai da rigar sanyi. Zazzaɓin cizon sauro bai da yawa a cikin birnin. Matsalar damina ce, Maris zuwa Mayu: a Afrilun 2024 kogin Mathare ya cika ya ci gidaje da rayuka. Ki sayi takalmin roba, domin lambatu a buɗe yake. Manila zafi ne mai gumi duk shekara, guguwar teku daga Yuni zuwa Nuwamba. Cututtuka biyu ne abin tsoro a can: dengue, wadda sauronta da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai ba ya isa, sai leptospirosis, da ake ɗauka idan an taka ruwan ambaliya mai fitsarin ɓera da ciwo a ƙafa. A ko'ina gudawa za ta same ki a makonnin farko. Ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Aikin kansa bai bambanta sosai ba: ciyarwa, darasin bayan makaranta, makarantar Lahadi, ziyarar gida gida. A Nairobi githeri ne, wato dafaffiyar masara da wake, da ugali, tuwon masara, a Tondo kunun shinkafa da suke kira lugaw. Ki daidaita zuwanki da zangon karatu. Kenya tana hutu a Afrilu, Agusta, sai dogon hutun Nuwamba da Disamba, lokacin da ake taron yara mafi girma amma azuzuwa a rufe suke. Ki kuma sani Kibera tana da tsohuwar al'ummar Musulmi, Nubiyawa, jikokin sojojin Sudan da Turawan Ingila suka zaunar a can, kuma yaransu suna zuwa cin abinci da darasi. Wadda ta tashi a Kaduna ko Gombe ta san yadda ake zama da maƙwabci: ba a koya wa yaro abin da iyayensa ba su sani ba. A Tondo yawancin iyaye 'yan Katolika ne, ladabin ɗaya ne.

Tambayar da ta fi zaɓen birni nauyi ita ce: yaran nan a ina suke kwana? Idan a gidan iyayensu ko danginsu, ƙungiyar kuma tana aiki ta hannun ikilisiyar unguwa, madalla. Idan gidan marayu ne mai karɓar baƙi kowane wata, ki dakata. An kiyasta kusan takwas cikin goma na yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su. Yaron da ya saba da sabuwar fuska, ta tafi, wata ta zo, yakan daina amincewa da kowa. Kenya ma tun 2022 ta fara shirin shekara goma na mayar da yara cikin iyali.

Abubuwan da ke ɓata hidimar baƙi sanannu ne. Ba wa yaro ɗaya kuɗi ko waya yana jawo masa duka a lungu, ya kuma zubar da mutuncin malaman da ke can shekara da shekaru ba su da abin bayarwa. Kowace kyauta ta bi ta ofis. Kada ki keɓe da yaro, a samu babba na biyu. Kada ki sa hoton yaro a Facebook ba da izinin iyaye da na ƙungiya ba. Kada ki ce "zan biya maka makaranta" sai in kin shirya har ya gama.

Kafin ki amsa wa kowaccensu, ki roƙi abu huɗu a rubuce: dokarsu ta kare yara, kasafin kuɗin zamanki wata wata, sunan wanda zai kula da ke, da lambar mutum biyu da suka yi hidima a can bara. Ki kira su da kanki.